Amsa ga mai neman gidan haya a Zariya da ba za a tashe shi rana tsaka ba

Salamu alaikum. Malam na ga tambayarka, ka ce an maido ka aiki Zariya kai da iyali, kana neman unguwar da za ka kama filat ko ciki da falo wanda mai gida ba zai tashe ka haka kawai ba kuma ba zai dinga ƙara kuɗi duk shekara ba. Toh ni dai na daɗe ina zaman haya a garin nan, kuma abin da zan ce maka shi ne babu wata unguwa mai wannan garantin, kariyarka tana cikin takardar da ka sa hannu da kuma wanda ya mallaki gidan.

Fara da mamallakin. Kafin ka tambayi nawa ne, tambayi na waye. In gidan gado ne da ba a raba ba wallahi ka yi hattara, don ranar da magada suka ce a sayar a ba kowa rabonsa ba ruwan mai saye da alkawarin bakin da babban yayansu ya yi maka. Na ga maƙwabcina haka ta faru da shi, mutum mai yara ƙanana, ya biya shekara ko rasit ba a ba shi ba, aka sayar da gida yana ciki ya dinga yawo tsakanin mai unguwa da magada kowa na tura shi wajen wani. Kar ka tsaya a kan maganar dillali, shi la'adarsa yake nema, bayan magariba ka koma kai kaɗai ka gaisa da 'yan hayan da ke ciki ka tambaye su tun yaushe suke nan kuma sau nawa aka ƙara musu. Gidan da ka samu mutum ya shekara da shekaru a ciki, shi ne gida.

Maganar unguwa kuma, duk inda ɗalibai suka yi yawa irin Samaru da Hayin Dogo da wajen Kongo da Gyallesu, masu gidaje sun gane selkon na 'yan makaranta, wato ɗaki ɗaya mai banɗakinsa a ciki, ya fi kawo kuɗi, shi ya sa mai iyali ke shan ƙari a can, wani ma a tashe shi don a yayyanka gidan. Palladan da Shika su ma akwai ma'aikata da ɗalibai. Hanwa da GRA tsada amma an fi yin abu a rubuce. Cikin birni da Tudun Wada akwai sauƙi da mutunci, sai dai yawanci da baki ake yi.

Yanzu doka. A Najeriya in takardarku ba ta faɗi wani abu daban ba, mai biyan shekara notis ɗin wata 6 ake ba shi, mai biyan wata uku-uku wata 3, mai biyan wata-wata wata 1. In wa'adin ya cika ba ka fita ba sai a sake ba ka wata takarda ta kwana 7 cewa mai gida zai je kotu, kuma kotu ce kaɗai ke da ikon fitar da kai. Cire ƙofa, kwance kwano, yanke wuta, sa kwado, zubo kaya waje, duk ba shi da hurumi ko da kana da bashinsa. 'Yan sanda ma ba aikinsu ba ne su fitar da ɗan haya. Amma fa ga tarkon, na ce in takarda ba ta faɗi daban ba. Lauyoyin masu gida da yawa suna rubuta notis wata ɗaya, ko su rubuta hayar shekara ɗaya ce tak ta ƙare ranar kaza, ka ga in ka sa hannu a wannan wata 6 ɗin nan ya tafi, da ranar ta cika kwana 7 kawai ya rage maka. Mutane ba sa karantawa, ana murnar an samu gida.

Batun ƙari shi ne mai wuya. Legas suna da dokar haya ta 2011 da ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, har ta ba wanda ke ciki damar kai ƙara in ƙarin ya wuce hankali, duk da unguwanni irin Ikoyi da Victoria Island ba ta shafe su ba. Mu nan a aikace abin da kuka daidaita ne ke aiki. Don haka ranar da kuɗinka ke aljihunka ita ce ranar da kake da baki, a nan za ka ce a rubuta ba ƙari sai bayan shekara 2, in za a ƙara a sanar da kai wata uku kafin lokaci kuma kar ya wuce kaza. Wasu za su ƙi, wasu za su yarda musamman in sun ga ma'aikaci ne mai albashi. Wanda ya ce ai mu musulmi ne ba sai an rubuta ba, ka tuna masa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi ta sauka.

A sa wa zai gyara bohol ko rufi in ya yi yoyo, in kai ka gyara a cire a kuɗin haya. Ka duba mitar wuta ko akwai tsohon bashin NEPA a kai. Ka biya ta banki zuwa asusun mai gidan ko wanda ya wakilta a rubuce, ka karɓi rasit mai ranar farawa da ƙarewa, shaidu biyu, in da hali mai unguwa ya sani.

In kuma an riga an miƙo maka notis kar ka daina biya don fushi, bashi ne ke karya ɗan haya a gaban alƙali. Ka kai takardun wajen lauya, in babu hali akwai Legal Aid, hukumar gwamnati mai taimaka wa marasa hali da lauya kyauta, akwai kuma sashen shari'a na ABU a Kongo da ke da wurin ba da shawara kyauta. Ka faɗi ɓangaren da wajen aikinka yake, mazauna ɓangaren za su fi ni sanin farashin yanzu.