Amsa: Fentin koton ƙarya na ɓarewa a ruwa

Malam, ka ce fentin da kake shafa wa koton katako na kamun kifi yana ɓarewa da zarar ya jiƙa. Wataƙila katakon ne bai bushe ba. Ka shanya shi sosai, ka goge da sanfefa, ka yi fenti siriri sau biyu, sannan ka rufe da jan farce marar launi.

Ni dai a nan Yawuri na koma tsohon cokali. In yanke mariƙin, in huda gefe biyu, in sa ƙugiya, in goge shi da toka har ya yi ƙyalli. Giwan ruwa na bin walƙiyarsa. Amma ka ɗaura guntun waya kafin zaren, don haƙoran kifin tsage sun sha raba ni da cokulan uwargida.