Amsa ga ɗan wana mai ɗaukar hoto a Kano

Ɗana, saƙonka ya iso. Tambaya biyu ka haɗa mini: ina ake ƙera idon kyamara mai tsadar nan da kake tara wa kuɗi, sannan wai mu da muka daɗe a Jamus da sauran Hausanci a jikinmu kuwa? Ta biyun ta tsaya mini a rai, amma bari in fara da ta farko.

Ƙasa biyu ce gidan wannan sana'a, Jamus da Jafan. Nan Wetzlar da muke zaune, a bakin kogin Lahn, nan ne mazaunin kamfanin kyamara na Leica. A garin nan ma'aikacin kamfanin, Oskar Barnack, ya haɗa 'yar ƙaramar kyamararsa, ta shiga kasuwa a 1925. Zeiss kuwa a Jena aka kafa ta a 1846, sai bayan yaƙin duniya na biyu Amurkawa suka kwashi ƙwararrunta zuwa yamma, suka yada zango a Oberkochen. A Jafan, Canon na yin manyan nata a Utsunomiya, Sigma a Aizu. Amma kada sunan kamfani ya ruɗe ka. Leica na da masana'anta a Fotugal tun 1973, gilasan Zeiss da dama kamfanin Cosina ne ke haɗa su a Nagano ta Jafan, Nikon ma tana yin da yawa a Tailan.

Dalilin da ya sa masu tsadar ba su cika barin gida ba shi ne hannu. Ido guda kan ɗauki gilashi 15 ko fiye, kowane da irin narkinsa, masu narkawar kuma, Schott a Mainz, Ohara da Hoya a Jafan, suna nan kusa. Inji na wasawa yana gogewa, amma jera su a kan saiti ɗaya sai mutum, don kaucewar da ba ta kai silin gashi ba ta isa ta dusashe hoto. Ga shi ba kaya ne da ake fitarwa jibgi ba, balle a bi leburan araha. Ka duba Ƙofar Mata: karofi kowa na iya haƙawa, sanin baba kuwa sai wanda ya tashi a bakinsa. Shekara 3 da rabi yaro ke yi a nan yana koyon gyaran gilashi kafin a kira shi gwani, kuma 'yata, yayarka, ta yi su cur, da ɗankwalinta a kai.

Ita ce dai ake ta magana a kanta a gida, wai mun ba Bature 'ya. Mijin nan ya musulunta tun kafin ya san ta. Manya ya turo, aka yanka sadaki, liman ya ɗaura, goron da muka sayo a Frankfurt aka raba. Me ya rage? A nan ba mu da yawan da za mu ce ɗan Kano sai 'yar Kano. Da Badamagare da ɗan zangon Kumasi da mutumin Agege tabarma ɗaya muke hawa ranar suna, asusu ɗaya muke zubi don ranar da aka yi rashi.

Hausar yara tana tuntuɓe, ban musa ba, kuma abin na damuna. Sai dai suna durƙusawa su gai da babba, ba sa kiran sunana. Zuwanmu na ƙarshe wata ta ce da su "Turawan Baffa", ƙaramin ya shige ɗaki bai fito ba sai magariba. Kakanka ya yi shekaru yana fataucin goro a Kurmi, har ya iya Yarbanci kamar ɗan gari, ban taɓa jin wanda ya ce ya tashi daga Bahaushe ba.

In za ka sayi idon kyamarar na hannu, haska tocila ta cikinsa ka duba ko ya yi fumfuna ko ƙura ta shige. Turo hotonsa kafin ka biya, yayarka ta ce za ta duba maka.