Zauren Tela: Fada Ya Kawo Mini Ɗinki

Tambaya: Baba, barka da aiki. Ni tela ne a Gadarif ta ƙasar Sudan, shekarata shida da buɗe shago, jallabiya da kayan 'yan makaranta nake ɗinkawa. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 unguwarmu ta cika da mutanen Kartum. Cikinsu akwai wani Fada na Katolika da ya gudo da riga ɗaya tal ta ibada, ita ma duk ta ƙoɗe. Ya ce in ɗinka masa sababbi masu launi huɗu, kuɗinsa kuma ba su taka kara sun karya ba. Ban taɓa irin wannan aiki ba. Wane yadi zan saya, yaya kuma ake yankan?

Amsa: Ɗana, kafin ka taka kasuwa, ka ce ya kawo maka tsohuwar rigar nan. Ka shimfiɗa ta a kan tebur, ka juya cikinta, ka ga inda ɗinki ya bi da inda ta fara ci. Za ta koya maka abin da ba zan iya ba a wannan shafi. Ka gode Allah ma da ya faɗa maka cocinsa, don yankan Kibɗawa da na Habashawa daban ne, su ko Kirsimetinsu sai 7 ga Janairu.

Abu uku za ka ɗinka. Akwai farar doguwar riga ta ciki har idon sawu, alba suke ce mata, wadda ga mai ɗinka jallabiya ba ta da wani wuya. Akwai siririn gyalen wuya da Larabawa ke kira baɗarshil. Sai rigar sama marar hannu, wadda ake zura kai ta tsakiya ta zubo gaba da baya. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne ke sauya launi: fari a Kirsimeti da Ista, shunayya a makonnin jiran Kirsimeti da azuminsu na kwana 40, ja a Fentikos da Juma'ar gicciye da ranakun shahidai, kore a sauran shekara. Koren nan mako 33 ko 34 ake sa shi, saboda haka shi zai fi shan wanki, a kansa za ka kashe kuɗin yadi mai kyau. In aljihun Fada ya gaza, ku fara da kore da fari, ka yi masa gyale mai fuska biyu na shunayya da ja kafin hali ya samu.

Mai yadi zai jawo maka polista mai ƙyalli ya rantse siliki ne. Zaro zare ɗaya daga gefe ka kyasta masa ashana. Auduga da lilin ƙaurin takarda suke yi su bar toka, siliki ƙaurin gashi, polista kuwa narkewa yake ya dunƙule kamar ɗan tsakiya. Ka tuna Ista tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu take faɗowa, lokacin da zafin Gadarif ke haura digiri 40. Mutum zai tsaya awa biyu cikin riga kan riga, ƙarƙashin rufin kwano, wataƙila babu wutar fanka. In ka sa shi cikin polista zalla, ka dafa shi. Ni a alba auduga nake so, ko wadda aka ɗan gauraya don kada ta cika yamutsewa. Ƙasar da ake noman auduga a Jazira tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925, abin kunya ne a ce tela ya rasa farin yadin kirki. Rigar sama kuma yadi marar nauyi mai zubowa take so. Ɗaga mita guda a hannunka: in ya sauko kamar ruwa, saya. In ya tsaya ƙiƙam kamar shadda mai sitati, bar wa mai babbar riga. Kada ka yi mata shafi gaba ɗaya, wuya kawai. Dokar cocinsu ta bayan taron Vatican na biyu, wanda aka rufe a 1965, ta yarda da yadin gida na kowace ƙasa, don haka in ka samu damuriyya mai laushi, wato saƙin auduga na gida, nuna masa, zai iya so.

Yanzu bari in ba ka labarin wautata. Ina saurayi a Umdurman, na baro Maiwurno ba da jimawa ba, maigidana ya miƙa mini irin wannan aiki. Farar riga ce, na ɗora mata jan ƙyalle daga wuya har ƙasa, na zauna dare biyu ina surfani, na yi guga ina ta jin kaina. Bayan mako uku wata dattijuwa da ke wanke kayan cocin ta shigo shago da rigar a ƙunshe cikin tobinta, wato mayafinta. Ba ta ce uffan ba, ta warware ta a kan kekena. Jan ya zuba, farin ya koma ruwan hoda ɗabbare-ɗabbare, ƙyallen kuma ya tsuke ya tattaro gaban rigar kamar bakin jaka. Maigida ya dube ni ya ce, "Ka wanke kafin ka yanka?" Albashin wata guda ya tafi a nan. Tun daga ranar kowane yadi sai na jiƙa shi shi kaɗai, na shanya, na goge, sannan almakashi ya taɓa shi. Ja da shunayya kuma nakan jiƙa gefensu in murza a farin tsumma tun a gaban mai yadi, ko zai ɓata rai.

Ga matsakaicin mutum, mita uku na yadi mai faɗin santimita 150 sun isa rigar sama. Ninka biyu, ninkin ya zama kafaɗa, tsawo ya wuce gwiwa kaɗan, ka zagaye gefen ƙasa. Kada ka yi kalmasa a ranar. Gefen da aka zagaye a karkace zarensa yake, yakan saki. Rataye ta kwana biyu, ka kira Fada ya sa, ya ɗaga hannuwa yadda yake yi a bagade, ka daidaita da alli. Wuyan ka auna da kansa, da tabarau in yana sawa.

Gyalen faɗinsa santimita 10 zuwa 12. Yanka shi gida biyu ka haɗa a ƙeya da ɗinki mai ɗan kusurwa, in ba haka ba zai riƙa tashi a bayan wuya. A kan mahaɗin ake sa ƙaramin gicciye, shi yake sumbata kafin ya rataya, don haka da zaren auduga ko siliki za ka yi shi. Zaren zinare na kasuwa kaushi gare shi, gumi kuma na sa shi baƙi cikin damina ɗaya.

Ragowar farin yadin kada ka haɗa da tsummokaran shago. Tambaye shi ko yana buƙatar ƙananan ƙyallayen da ake shimfiɗawa a bagade da na goge ƙoƙon ibada. Su dole auduga ko lilin, don polista ba ya shan ruwa. Waɗannan ni ban taɓa karɓar kuɗinsu ba.