Amsa: Shin da Harry Potter Alan Rickman ya fara yin suna?

Malam, ka tambaya ko rawar Snape a fina-finan Harry Potter ce ta fito da ɗan wasa Alan Rickman. Ko kusa. Kafin fim ɗin Harry Potter na farko a 2001, mutumin ya daɗe da zama gwani.

An haife shi a Landan a 1946, kuma da farko sana'ar zane yake yi, har suka buɗe ɗan kamfani shi da abokansa. Sai da ya kai shekara 26 ya shiga makarantar koyon wasan kwaikwayo ta RADA. Daga nan ya riƙe dandamali shekara da shekaru, har da ƙungiyar Royal Shakespeare. Rawar Valmont da ya fara takawa a wani wasan dandamali a 1985 ce ta kai shi New York, can aka gan shi aka ba shi rawar mugu Hans Gruber a fim ɗin Die Hard na 1988. Fim ɗinsa na farko ke nan, yana da shekara arba'in da 'yan kai!

Ka sake kallonsa a ciki: sanye da kwat, murya ƙasa-ƙasa, yana jan kowace kalma a hankali, amma mugunta fal. Horon dandamali ne wannan. Ni dai Gruber ya fi burge ni a kan Snape.

Rickman ya ci kyautar BAFTA, wato kyautar fina-finai ta Birtaniya, da fim ɗin Robin Hood na 1991. Ciwon daji ne ya yi ajalinsa a Janairun 2016.