Ka Gyara Musu Taku Kafin Duka

Ka ce yaranka na ƙwallon raga suna da tsalle, amma in sun tashi duka sai ƙwallon ta maƙale a raga, wani lokacin ma su da kansu su faɗa cikinta, kuma kullum hannu kake gyara musu. To ɗana, ƙyale hannun tukuna, ka dubi ƙafafunsu.

Ka ɗauke ƙwallon na 'yan kwanaki. Za su yi ta ƙorafi, ka daure. Sami alli ko gawayi ka yi alama uku a ƙasa, daga bayan layin nan da ke mita 3 daga raga zuwa kusa da ita. Mai duka da dama takunsa hagu, dama, hagu. Bahago kuma dama, hagu, dama. Takun farko gajere ne, a hankali, da shi yaro yake auna inda ƙwallo za ta sauko. Na biyu shi ne uban tafiya: dogo, da sauri, diddige ta fara taɓa ƙasa, gwiwa ta lanƙwashe, hannaye biyu sun koma can baya. Na uku ya biyo nan take, ƙafar ta sauka gaban 'yar'uwarta kaɗan, yatsu a karkace ciki. Wannan ƙafar ce birki, ita ke mayar da gudu ya zama tsalle sama. Wanda bai iya taka ta ba gaba zai tafi, shi ya sa naka suke rungumar raga.

Ni da tafi nake koya musu: tas... tas-tas. In na ji takun yaro ya fito ɗaya-ɗaya da tazara iri guda, ko ban ɗaga kai ba na san bai samu ba.

Ka sa ido sosai kan mai duka da dama da yake ƙarewa da ƙafar dama. Ƙugunsa ba zai samu damar juyawa ba, kafaɗa ce za ta ɗauki nauyin dukan duka, kuma ita ce za ta fara ciwo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In ya shekara biyu a haka, gyaran sai an sha wuya.

Idan taku ya zauna, kai da kanka ka riƙa jefa musu ƙwallon sama. Kada yaro ya taso sai ta bar hannunka, gaggawa ce ke sa su tsinci kansu a ƙarƙashinta. Hannaye biyu su tashi tare, na hagu ya nuna ƙwallon, na dama ya ja baya kamar mai ɗana baka, ya same ta a gaban kafaɗa da tafi a buɗe.

Ka kuma sauke ragar. Mita 2.43 ta manyan maza ce, 2.24 ta mata, ɗan shekara 12 ba zai koyi duka a kanta ba. Saukowa kuwa a kan ƙafa biyu, gwiwa a sake, musamman da yake filinku siminti ne.