Kafin ki zuba kaji a bayan gida, ki san guda nawa doka ta yarda miki

Tambaya: Malam, sana'ata sarin ƙwai, kuma ribar da nake samu a kan kiret ba ta taka kara ta karya ba. Akwai ɗan fili a bayan gidan da nake haya, a unguwar da gidaje ke manne da juna. Na tara ɗan jari, ina so in zuba kaji 50 masu ƙwai in huta da sari. Wata ƙawata ta ce hukuma na iya tashina. Ashe kiwon kaji ma sai da izini?

Amsa: Hajiya, ƙawarki ba tsorata ki take yi ba. Yawancin birane sun ware unguwannin zama daban da wuraren noma da kiwo, kuma ƙaramar hukuma ko hukumar birni ce ke tsara abin da aka yarda a ajiye a gida. Shi ya sa ba zan ce miki ga doka ɗaya da ta hau kan kowa ba: abin da aka halatta a wannan gari, a garin da ke maƙwabtaka da shi yana iya zama haramun. Birnin Niyok na Amurka ya yarda a ajiye kaji mata amma ya hana zakara. Birnin Siyatil, shi ma a Amurka, ya ƙayyade guda takwas a gida, a can ma ba zakara, kuma dole akurki ya yi nisan ƙafa goma daga gidan maƙwabci. A Ingila kuwa, tun 1 ga Oktoba 2024 ko kaza ɗaya gare ki sai kin yi rajista, alhali a da sai mai 50 zuwa sama ake wajabta wa. Murar tsuntsaye ce ta jawo wannan.

Ki lura da lambar nan ta takwas, domin a nan lissafinki zai tsaya ko ya rushe. Dokokin kiwon bayan gida galibi an yi su ne don mai son ƙwan da iyalinsa za su ci. Ba a yi su don ɗan kasuwa ba. Har wasu wuraren sun rubuta ƙarara cewa ba a yarda a sayar da ƙwan ba. Kaza mai kyau tana ba da ƙwai biyar zuwa shida a mako. Guda shida ke nan za su cika miki kiret ɗaya mai ƙwai 30 a mako, da ɗan ragowa. Wannan rage kuɗin cefane ne, amma ba zai raba ki da sari ba. Kaji 50 ɗin da kike nufi su ne za su ba ki wajen ƙwai 40 a rana, kuma a wurare da yawa adadin nan a idon hukuma ya tashi daga kiwon gida ya koma gona. Gona kuwa tana zuwa da lasisi, da binciken jami'an tsafta, wani lokaci ma a ce sam ba a wannan unguwa ba.

Abin da ya fi damuna a tambayarki shi ne kalmar haya. Ko hukuma ta sa miki hannu, mai gidan yana da tasa maganar. Ɗauko takardar yarjejeniyarku ki karanta, da yawa akwai layin da ya hana ajiye dabbobi ko yin sana'a a cikin gidan. In ya amince, kada ki tsaya a kan amincewar baki, ya rubuta ya sa hannu, ya faɗi adadin kajin. Idan kuma rukunin gidaje ne mai ƙungiyar mazauna, su ma suna da ƙa'idojinsu, kuma sukan fi na hukuma tsauri.

Sai maƙwabta. Galibi jami'i ba ya yawo gida-gida yana ƙirga kaji, ƙorafi ne ke kawo shi. Abin da ke sa a kai ƙara kuma sananne ne: cara, wari, ƙuda, ɓera. Na cara mai sauƙi ne, tunda kaza tana yin ƙwai ba tare da zakara ba, sai in ƙyanƙyasa ake so (mutane da yawa har yau ba su yarda da wannan ba, amma haka yake). Warin ne aiki. Kowace kaza tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, wato guda 50 za su lashe kusan kilo shida, kuma kashin da za su fitar bai yi nisa da wannan nauyin ba. Ki ƙiyasta na wata guda a ɗan filin bayan gida. Ina za ki kai shi? In ya jiƙe, warin nan mai hawa ido ba katangar da za ta tare shi. Abincin da ya zube a ƙasa kuma gayyatar ɓeraye ne, kuma ba a gidanki kaɗai za su tsaya ba.

Yanzu ki duba inda asarar take. Kuɗin keji, da rufi, da mazubin ruwa da na abinci, duk a farko ake kashe su. Idan 'yan tsaki kika saya, za ki ciyar da su makonni 18 zuwa 20 kafin ki ga ƙwan farko. A ce takardar tashi ta zo a wata na huɗu: kin ciyar, ba ki sayar da ko ƙwai ɗaya ba, ga tara, ga kaji da dole ki sayar cikin gaggawa. Mai saye kuwa da ya ji ƙanshin matsuwa, shi ke yanka farashi. Wannan hatsarin bai kamata a ɗora wa jarin da aka tara da ƙyar ba, balle na bashi.

Da ni ne, sai in raba abin gida biyu. A bayan gida in ajiye iya adadin da aka yarda, ko da shida ne, in mai da su makaranta: in koyi rigakafi, in riƙa rubuta abin da suka ci da ƙwan da suka yi kullum, in san ainihin kuɗin da ƙwai ɗaya ke ci kafin ya iso hannuna. Wata shida na wannan rubutu ya fi duk lissafin da wani zai yi miki a baki. In lambobin sun yi kyau, sai a nemi fili a inda aka ware don kiwo, ko a haɗa gwiwa da mai gona, a zuba 50 ɗin ko fiye. Sarin kuma kada ki sake shi tukuna, domin kwastomomin da kike da su yanzu su ne za su sayi ƙwan gonarki gobe.

A makon nan ki je ofishin ƙaramar hukumarku, sashen tsaftar muhalli ko na tsara gari. Ki tambaye su kaji nawa aka yarda, nisan akurki daga katangar maƙwabci, ko ana buƙatar rajista, da ko an halatta sayar da ƙwan. Ki roƙi a ba ki amsar a rubuce, da sunan jami'in da kwanan wata, ki adana ta tare da takardar mai gida. Kafintan da zai haɗa miki keji ya jira sai takardun nan biyu sun shigo hannunki.