Kamfanonin noma da mulkin mallaka a adabi: inda kwatancen ya tsaya da ƙafarsa

Ɗan'uwa, ka tambaya ko marubuta suna yin adalci idan suka kwatanta riƙon da manyan kamfanoni suka yi wa noma da abinci da zaluncin mulkin mallaka, ko kuwa zuguguta magana ce kawai. Na yi aikin malamin gona kafin in koma koyar da adabi, don haka ta fuskokin biyu zan ba ka amsa.

Kwatancen yana da tushe, amma yawancin ɗalibaina a wurin bulala da bindiga suke nemansa, alhali kuwa a cikin takarda yake. Lokacin da gwamnatin Holan ta shimfiɗa tsarin noman dole a tsibirin Java, cikin Indonesiya ta yau, a 1830, umarni ta rubuta cewa kowane ƙauye ya ware wani kaso na gonakinsa don noman rake da kofi da baban rini, ita ce kuma mai yanke farashi; wannan ne abin da littafin nan mai suna Max Havelaar na 1860 ya tona wa asiri. Haka nan marubucin Kolombiya García Márquez, a littafinsa na 1967, ya ɗauko kisan da sojojin Kolombiya suka yi wa ma'aikatan ayaba masu yajin aiki a kamfanin United Fruit a 1928. Kowa yana tuna harbin, amma ni wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda lauyoyin kamfanin da ke cikin labarin suka tabbatar wa kotu cewa kamfanin ba shi da ma'aikaci ko ɗaya, domin duk 'yan wucin gadi ne.

Na fahimci wannan wurin ne saboda wani dattijo da ya taɓa miƙo mini yarjejeniyar da ya dangwala wa yatsa, ya ce in karanta masa. Kamfani ya ba shi iri da taki bashi, ya hana shi ajiye iri daga abin da ya girbe, ya hana shi sayar wa wani, sannan shi kamfanin ne mai auna kaya, shi ne kuma mai cewa ga darajarsu. Da na kai ƙarshe sai ya yi shiru, can ya ce, ashe gonar tasa ce amma noman ba nasa ba ne. Ba wanda ya ɗaga masa murya, balle ya taɓa lafiyarsa.

Doka ma tana bayan irin wannan takarda. A 2013 Kotun Ƙolin Amurka ta ba kamfanin iri na Monsanto gaskiya a kan wani manomi da ya sake shuka waken soya mai lasisin kamfanin.

Inda nake jan kunnen ɗalibai shi ne bambancin. Manomin yau yana da ƙuri'a da kotu, yana iya cewa a'a, ko da bashi ya sa a'ar ta yi masa tsada, kuma sau da yawa da kansa yake neman irin kamfani saboda ya fi yabanya. Labarin da ya cire wa jami'in mallaka hularsa ya ɗora wa manajan kamfani, ba tare da ya nuna wannan son da manomin yake yi wa irin ba, ba na sa shi cikin littattafan da nake koyarwa.